Maganin hawan jini da na suga na mahaifiyata: in ci gaba da saye a unguwa ko in koma oda ta intanet?

Mai jinyar mahaifiya, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar magani da waɗanda suka riga ni shiga irin wannan hali. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma tana ganin likita a asibitin Barau Dikko da ke nan Kaduna. An ɗora ta a kan amlodipine da lisinopril da metformin, sannan a zuwanmu na baya-bayan nan likita ya ƙara mata allurar insulin, domin sugan ya ƙi sauka da ƙwayoyi kaɗai. Ni ne babba a ɗakinmu, saboda haka sayen maganin kowane wata a wuyana yake, kuma ba sai na gaya wa kowa yadda farashin magani ya yi tashin gwauron zabi daga 2023 zuwa yau ba.

Wani abokin aikina ne ya nuna mini wani shafi a Instagram da ke tallar magunguna, da lambar WhatsApp a ƙasa. Na rubuta musu sunayen magungunan Hajiya, suka aiko mini da farashi, sai na ga ragin ya kusa kashi ɗaya cikin uku na abin da nake biya a nan. Sun ce in tura kuɗi tukuna, su kuma za su ba direba saƙon daga Legas in karɓa a tashar Mando. Da na ce bari in tura musu hoton takardar likita, sai suka ce ba sai na wahalar da kaina ba. Abokin nawa ya ce ya sha sayen maganin olsa a wurinsu, bai taɓa ganin matsala ba.

Zuciyata ta kasu biyu. Ragin ba ƙarami ba ne ga mai albashi da iyali, amma kuma uwa ce, ba zan yi gwaji da ita ba. A ɗaya ɓangaren, kemis ɗin da nake saye a unguwa shi ma hankalina bai gama kwanciya da shi ba, domin sau da yawa yaro nake tararwa a kan kanta wanda in ka tambaye shi wani abu sai dai ya karanto maka abin da ke jikin kwali, kuma kusan kowane wata launin kwalin amlodipine ɗin daban yake da na watan da ya wuce. Don Allah ta yaya mutum zai bambance mai sayar da magani ta intanet na gaskiya da ɗan damfara? Kuma sauyin launin kwalin nan alamar jabu ce, ko kuwa ba komai ba ne?

Masanin haɗa magunguna, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri. Malam, kafin komai, kada ka tura wa mutanen nan ko kwabo, kuma dalilina yana cikin bayaninka: sun ce ba sa bukatar takardar likita. Duk magungunan nan huɗu da ka lissafa na takardar likita ne. Na san a aikace shaguna da yawa a garin nan suna sassauta wannan ƙa'ida ga wanda suka sani, amma mutumin da bai taɓa ganinka ba, bai san ko Hajiya shekararta arba'in ko tamanin ba, kuma ya yarda ya sayar maka da insulin ba tare da tambaya ɗaya ba, babu dalilin da zai sa ka zaci ya kiyaye ƙa'idojin da idonka ba ya kaiwa gare su, wato inda ya saro maganin da yadda ya ajiye shi.

Sayar da magani ta intanet bai saɓa wa dokar Najeriya ba. Hukumar da ke kula da masu haɗa magunguna da shagunansu, wadda aka fi sani da PCN, ta fitar da ƙa'idojin wannan sana'a tun 2021, kuma ginshiƙinsu shi ne dole shafin ya yi rajista da hukumar, kuma a sami masanin haɗa magunguna mai lasisi wanda shi zai amsa idan wani abu ya faru. Saboda haka ka tambaye su sunan shagonsu da titin da yake, da sunan masanin da ke kula da shi, kuma su turo maka hoton lasisin bana. Ka lura da asusun da suka ba ka, ko na kamfanin ne mai suna ɗaya da shagon, ko kuwa na wani mutum ne daban. Na gaskiya ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara kewaye-kewaye, ko ya ce ka yi sauri kayan sun kusa ƙarewa, ka rabu da shi.

Mutane da yawa da zarar sun ga lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kwali sai hankalinsu ya kwanta. Lambar tana da muhimmanci, amma wanda ya iya buga kwalin jabu ba zai gaza buga lamba ba. Amfaninta yana fitowa ne idan ka bincika ta a kundin rajistar hukumar da ke intanet, mai suna Greenbook, ka ga ko sunan maganin da ƙarfinsa da kamfanin da ya yi shi sun dace da abin da ke hannunka. Akwai kuma tsarin kankare wani ɗan wuri a jikin kwali a tura lambobin ta saƙon waya, wanda aka fara a 2010, sai dai an fi samunsa a magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, don haka rashinsa a kwalin maganin hawan jini ba ya nufin jabu ne.

Abin da ya fi damuna da irin ciwon Hajiya shi ne jabun maganinsa ba ya tona kansa da wuri. Wanda ya sha jabun maganin zazzaɓi, cikin 'yan kwanaki zai ga jikinsa bai yi sauƙi ba, ya koma asibiti. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama, sai mutum ya yi watanni yana haɗiyar garin alli yana zaton yana kan magani, har ranar da za a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙodarsa ta taɓu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa ko dai jabu ne ko bai cika inganci ba, kuma a irin wannan kasuwa gara mutum ya san ƙofar da zai koma ya ƙwanƙwasa. Idan kuna da na'urar awon jini da ta suga a gida, ku riƙa rubuta sakamakon a littafi, domin ta haka ne za ku lura idan sabon kwali ba ya aiki kamar na baya.

Game da launin kwali, yawanci ba abin tsoro ba ne. Kamfanoni da dama ne ke yin amlodipine, na cikin gida da na Indiya da na Turai, kowa da sunan kasuwancinsa da kwalinsa. Ka duba sunan asali da aka rubuta da ƙananan haruffa, da adadin miligiram, ko 5 ne ko 10, da ranar ƙarewar wa'adi, ka kuma tabbatar lambar rukuni da ke kwalin ita ce a jikin ledar ƙwayoyin. A nan ma hanyar rage kuɗi take, domin kana iya cewa a ba ka na kamfani mai rajista wanda ya fi sauƙi maimakon mai babban suna. Ka kuma leƙa ofishin KADCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ka ji ko akwai tsarin da Hajiya za ta iya shiga.

Shawarata ta ƙarshe, ka bar sayen waɗannan magunguna a ƙaramin kemis, domin lasisinsa na ƙananan magunguna ne irin su farasitamol da gishirin gudawa. Ka nemi famasi mai rajista, mai alamar koren kuros da Rx, ka tsaya a wuri ɗaya. Wanda ya san Hajiya tana shan lisinopril da metformin, ranar da ka zo neman diclofenac saboda ciwon gwiwarta zai tsayar da kai, domin yana iya tayar da jini ya kuma wahalar da ƙoda. Idan ta fara busasshen tari da ya ƙi tafiya, zai tuna maka cewa lisinopril kan jawo haka, ya ce ku koma wurin likita maimakon ya sayar muku da maganin tari.

Mahaifiyar mai asma, Barnawa:

Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Na amfana da bayanin Malam na Unguwar Rimi ƙwarai, amma ina so in faɗi ɗaya ɓangaren, kada mai karatu ya tashi da fahimtar cewa duk abin da ya biyo ta waya mugu ne, duk abin da ke shago kuma amintacce.

Ɗana yana da asma. Bayan kamfanin magunguna na GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, abin shaƙar da yake amfani da shi ya yi wuya, inda aka same shi kuma kuɗin ya ninka. Na zaga shaguna a titin Ahmadu Bello da Barnawa da Kakuri ban samu ba, ga hazo ya sauko, wanda duk uwar mai asma ta san abin da hunturu ke nufi a gidanta. A ƙarshe wani famasi ne a Abuja, mai shago da shafin intanet, ya aiko mini. Sun nemi takardar likita, masaninsu ya kira ni ya tambayi shekarun yaron da yadda yake shaƙa, kayan kuma suka iso a liƙe da rasit mai ɗauke da sunan shagon. Na tura ƙanina da ke aiki a can ya je ya ga wurin da idonsa kafin in biya, gani ya kori ji. Har yanzu ina saye a wurinsu idan abu ya yanke a nan.

Kuma kada mu manta, wani babban bala'in magani da jiharmu ta taɓa gani ba ta intanet ya shigo ba. Maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda ya yi sanadin mutuwar yara 84 a ƙasar nan tsakanin 2008 da 2009 saboda gurɓacewa da wani sinadari mai lalata ƙoda, a shaguna iyaye suka saye shi hannu da hannu, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin wuraren da aka kai yaran. Ba don in tsorata kowa na kawo wannan ba, sai don in nuna cewa kusancin shago da gidanka bai isa shaida ba.

Akwai kuma waɗanda oda ta waya rahama ce gare su: tsoho da ba shi da mai aika, mace mai jego, da mai ciwon da yake jin nauyin ambatonsa a gaban maƙwabta a kan kanta. Ni dai a ganina, ɗan'uwa, shafin da ka bayyana bai cancanci amana ba, amma wasu manyan famasi na cikin Kaduna yanzu suna karɓar oda ta WhatsApp su aiko da mai babur, ka ga ka sami sauƙin ba tare da ka rasa wanda za ka tuhuma ba.

Mai kemis, Rigasa:

Salamu alaikum. Ni mai ƙaramin kemis ne, kuma ban musanta abin da Malam ya faɗa game da iyakar lasisinmu ba, haka dokar take. Ina dai roƙon a yi mana adalci. A cikin Rigasa, da yawan jama'arta, ba kowane layi ke da famasi mai rajista ba, kuma idan yaro ya tashi da zazzaɓi bayan sallar isha, mu ake bugawa ƙofa. Mu ne muke ba da bashi zuwa ƙarshen wata, mu ne kuma idan muka ga abin ya fi ƙarfinmu muke cewa a tafi asibiti yanzu. Shafin Instagram ba zai yi wa kowa wannan ba. Barin yaro marar horo a kan kanta kuwa laifi ne, kuma mu kanmu muna faɗa wa junanmu haka.

Abin da nake so mai tambaya ya sani shi ne batun sari. Shekara da shekaru, yawancin maganin da ke ƙananan shagunan Arewa daga manyan kasuwanni yake fitowa, wato Sabon Gari a Kano, da kasuwar Onica, da Idumota a Legas. Mai tallar nan ta waya shi ma ba daga sama yake samo nasa ba, mai yiwuwa a irin waɗannan kasuwanni yake sara, sai dai shi ba ya biyan hayar shago, kuma babu jami'in da zai shigo masa ba zato ya duba kantarsa. Saboda matsalolin irin waɗannan kasuwanni ne aka matsa wa 'yan magani na Sabon Gari su koma cibiyar sari ta Dangwauro da ke kan hanyar Zariya, kuma a watan Fabrairun 2025 NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Onica da Aba na wani lokaci tana bincike.

A sana'ar nan ribar kwali ɗaya ba ta da yawa, duk wanda ke cikinta ya sani. Idan wani ya rage maka kashi ɗaya cikin uku, kuma har da kuɗin mota daga Legas, to ka tambayi kanka daga ina ragin ya fito. Wani lokaci kayan sun kusa ƙarewar wa'adi ne, wani lokaci an goge ranar an buga sabuwa, wani lokaci kuma na asibitin gwamnati ne da aka karkatar. Araha ba ta ado. Ka saba tambayar duk wanda kake saye a wurinsa, ko ni ne, daga wane dila ya saro, kuma ka riƙa karɓar rasit kana ajiyewa tare da kwalin har maganin ya ƙare.

Mai jinyar mahaifiya, Tudun Wada:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya bar zumunci. Na fasa tura kuɗin, kuma zan nemi famasi mai rajista kamar yadda Malam ya ce. Sauran abu biyu. Na farko, wutar lantarki a layinmu ba ta da tabbas, ban san yadda zan riƙa ajiye insulin ɗin ba. Na biyu, gwaggona ta turo wa Hajiya wani bidiyo na TikTok, inda wani ke tallar garin magani da ya ce yana raba mutum da ciwon suga har abada, yana ta nuna lambar NAFDAC a jikin robar. Hajiya ta ƙwallafa rai a kansa saboda tsoron allura, ni kuma ba na son in yi musu da manya ba tare da hujja ba.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Malali:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka gaishe mini da Hajiya da jiki. Bari in fara da garin maganin, domin shi ya fi gaggawa. A shekarun da na yi a ɗakin marasa lafiya na ga mutane da dama da suka ajiye maganin asibiti saboda irin wannan alkawari, suka dawo mana da gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, ko ido ya dushe, wasu ma a sume aka kawo su. Ciwon suga lallaɓa shi ake yi da magani da kula da abinci da motsa jiki, kuma mutum yana iya daɗewa da shi cikin ƙoshin lafiya, amma babu garin da ke tumɓuke shi. Lambar da mai tallar ke nunawa kuma, ka dube ta da kyau: a magungunan gargajiya sau da yawa tana ƙarewa da harafin L, ma'anarta hukumar ta duba cewa abin ba shi da guba a iya gwajinta, ba wai ta tabbatar yana warkar da cutar da ake faɗa ba. Shi ya sa ake wajabta musu su rubuta a jikin robar cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarinsu ba. Ka nemi wannan rubutu ka karanta wa Hajiya da gwaggonka cikin ladabi, ka ce likitanta za ku tambaya tare, ka ga ba ka yi musu da kowa ba. Wani haɗarin kuma shi ne akan sami masu cakuɗa irin wannan gari da ƙwayoyin asibiti a ɓoye, kuma idan mai saukar da suga ne ya haɗu da insulin, sugan na iya faɗuwa ƙasa warwas cikin dare.

Tsoron allura kuwa ba Hajiya kaɗai ba ce, kuma yawanci yana gushewa idan ta ga ƙanƙantar bakin allurar. Ka roƙi ma'aikaciyar jinya ta nuna muku a gabanta, ta kuma koya muku alamomin faɗuwar suga, wato gumi da karkarwa da yunwa da ruɗewa, ku ajiye sukari ko lemon kwalba kusa da gadonta.

Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, a cikin firji amma nesa da wurin ƙanƙara, domin wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke. Wanda aka fara amfani da shi yakan yi kimanin mako huɗu a wuri mai sanyi-sanyi da bai kai digiri 30 ba. Ka tuna zafin Kaduna a watan Maris da Afrilu, sannan ka ƙiyasta kwalbar nan a but ɗin mota tun daga Legas, za ka gane dalilin da ya sa ban yarda a yi odar insulin ta tasha ba ko daga wurin wa, tunda zafi yana rage masa ƙarfi ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Ka saya a famasin da za a ciro maka shi daga firji a gabanka, wanda ka san yana da janareta ko sola, kuma ka riƙa sayen kwalba ɗaya-ɗaya tunda wutarku ba ta zama. A gida, ka sa kwalbar a cikin ƙaramar roba mai murfi, ka ajiye a tukunyar ƙasa da aka zaunar cikin wata babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a inuwa inda iska ke bi, kana ƙara wa yashin ruwa. Idan irin mai haske ne kamar ruwa kuma ka ga ya yi gajimare, ko irin mai farin madara ne ka mirgina shi a tafin hannu ya bar gudaji, kada a yi mata shi.

Akwai abu ɗaya da masu saye a wurare daban-daban suke faɗawa ciki. Insulin yana zuwa da ƙarfi iri biyu a kasuwarmu, mai yunit 40 da mai yunit 100 a kowace mililita, kuma kowanne da sirinjinsa. Idan aka zuƙi mai 100 da sirinjin 40, an ba mutum ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta. Duk ranar da za ka sayo sabuwar kwalba, ka tafi da tsohuwar da sirinjin da kuke amfani da shi, ka sa masanin ya haɗa su ya duba lambobin a gabanka kafin ka biya.